"Ki Koma Ɗakinki": Me Ke Haɗa Iyaye Da 'Ya'yansu Faɗa Idan Aure Zai Mutu?

Bayan sallar isha'i aka fi yin irin wannan sallama. Ɗan adaidaita sahu ya tsaya a ƙofar gida, yarinya ta fito da goyo a baya da jaka a hannu, ta shige ko gaisuwar kirki ba ta tsaya yi da na zaure ba. Uwa na ganin girman jakar ta san ba wuni aka zo ba. Kafin a zuba mata tuwo labari ya kai turakar maigida, shi kuwa hukuncinsa a shirye yake tun bai ji ƙara ba: "Uwata, ki kwana. Da safe yayanki ya mayar da ke ɗakinki." Ita kuma kanta a sunkuye ta ce, "Baba, ku yi haƙuri, wallahi na gaji." Iyakar abin da za ta faɗa ke nan, shi ma iyakar nasa ke nan. Sauran maganar, wadda ita ce ainihin rigimar, kowa ya bar ta a cikinsa.

An saba fassara wannan saɓani da cewa karo ne tsakanin mutanen da masu haƙuri da yaran zamani marasa juriya. Fassarar tana da daɗin faɗa a majalisa, amma ba ta kai ni ko'ina. Abin da nake gani shi ne, a mutuwar auren Bahaushe wanda shari'a ta ba iko daban, wanda asara za ta hau kansa daban, wanda kuma ya san zafin zaman daban. Da wuya ka sami mutum ɗaya da ya haɗa duka, kuma kowannensu yana magana kamar shi kaɗai abin ya shafa.

A fara da uban da ya ce a koma, domin shi aka fi saurin zagi. Ango ne ke biyan sadaki da haɗa lefe, amma ɗakin da amarya za ta shiga iyayenta ke cika shi: gado, katifa, kujeru, labule, tukwane, kwanuka, a bi da gara. Akwai uban da sai da ya sayar da gona, akwai uwar da ta shekara 5 tana zubin adashi. In auren ya mutu bayan wata 8, kayan nan a bayan a-kori-kura za su dawo, madubi a fashe, ƙafar gado a karye, kuma babu inda za a jibge su, don ɗakin da ta bari tuni an ba ƙaninta ya sa tasa amaryar. Ga bakinta, ga na goyonta, a lokacin da tun cire tallafin mai a watan Mayun 2023 magidanci ke auna kwanon masara da lissafi. Sannan ga ƙannenta mata biyu ko uku a gida, kuma duk mai neman aure sai ya yi bincike. Kalma ɗaya daga bakin maƙwabci, "ai 'ya'yan gidan ba sa zaman aure," ta isa ta kori manemi.

Duk wannan uban ba zai faɗa ba. Wane dattijo ne zai dubi 'yarsa ya ce ba ni da ɗakin da zan sa ki, ba ni da abin ciyar da ke? Sai ya naɗe maganar cikin rigar da ta fi mutunci, ya ce aure ibada ne, haƙuri maganin zaman duniya, tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa. Ba ƙarya ya yi ba. Sai dai yarinyar wa'azi ta ji, ba ta ji tsoron da ke ƙarƙashinsa ba, don haka ta tashi da cewa mahaifinta ya fi son surukinsa a kanta.

Lamarin uwa ya fi wannan zurfi, kuma ban cika jin ana taɓa shi ba. Matar da ta shekara 30 tana haɗiye abin da 'yarta ta kasa haɗiyewa a shekara 3, in ta ce "mu ma haka muka zauna," ba nasiha kaɗai take yi ba, rayuwarta take karewa. Idan ta yarda cewa zagi da hana cefane da kawo kishiya ba shawara sun isa a bar gida, to ita me ta zauna yi? Fitar 'yar kamar hukunci ne a kan zaman uwar. Shi ya sa wani lokaci za ka ga uwa ta fi uba tsanani da rana, da dare kuma ita ce ke kuka tare da yarinyar. Akwai kuma akasin haka, uwar da ta sha wuya ta rantse tata 'yar ba za ta sha ba, wadda ƙaramin saɓani in ya taso sai ta ce "taho gida, ba daga sama kika faɗo ba." Irin wannan ta kashe aure da yawa da za su iya rayuwa.

To ita yarinyar me ta ɓoye? Sau da yawa abin da kunya ba za ta bari a faɗa wa uba ba. Mijin ya shekara bai kusance ta ba, ko yana neman ta ta hanyar da addini ya hana, ko ya sa mata ciwon sanyi har sau uku, ko yana shan ƙwaya, ko ta ga abin da ta gani a wayarsa. 'Yar Bahaushe da ko sunan mijinta ba ta iya kamawa a gaban mahaifinta, ta yaya za ta buɗe baki da wannan? Sai ta ce "ba ya kula da ni." Uban ya duba ya ga tufa a jikinta, ya ga ba ta rame sosai ba. Can kuma sai ga surukin ya zo da abokinsa, ya tuɓe takalmi tun daga waje, ya durƙusa har ƙasa: "Baba, ni ban san laifin da na yi mata ba." Mutumin da ke sahun gaba a masallaci, mai gaida mutane. Alƙalin da aka ba rabin takardun shari'a, kuma rabin da aka ba shi na ɓangare ɗaya ne, ba abin mamaki ba ne in ya yi kuskure. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma in bai nuna ba, mai gyara daga waje rufin lafiya lau zai gani.

Da can akwai hanyar da irin wannan magana ke bi. Gwaggo ce, ko kaka, ko wata yaya da ta girme ta sosai. Wasan da ke tsakanin jika da kaka ya sa babu abin da ba a faɗa mata, ita kuma ta san yadda za ta shiga wajen ɗanta ta ce, "Kai, yarinyar nan tana da gaskiya, kada ka tambaye ni dalili." Zaman birni ya tsinka wannan igiya. Gwaggo tana wani gari, kaka ta rasu ko tana ƙauye, abin da ya rage sai ƙawaye a WhatsApp, waɗanda shawararsu ba ta isa kunnen uba, in ma ta isa ƙara masa fushi take yi.

Batun cewa mutanen da ba sa rabuwa kuwa, tarihi bai goyi bayansa ba. Baba ta Karo, Bahaushiyar da aka haifa a 1877 ta kuma rayu a ƙasashen Kano da Zazzau, wadda aka rubuta labarin rayuwarta daga bakinta aka buga a 1954, aure huɗu ta yi. Na farkon na zumunci ne, ta karɓe shi don ta faranta wa mahaifinta alhali zuciyarta na wajen wani, bayan 'yan shekaru ta fita ta auri wanda take so. Yaji da biko tsofaffin kalmomi ne a harshenmu, ba a ƙirƙire su don matan yau ba. Abin da ya sauya shi ne tsadar abin. A gidan gandu mai faɗi, bazawara hannu ce da ta ƙaru a wajen surfe da daka, kuma ba ta daɗewa wani ya fito. A gidan haya mai ɗaki biyu a Kurna ko Rigasa, nauyi ce. Wani abin da ya sauya kuma shi ne, yanzu akwai 'yar da ke da albashi ko sana'ar da take yi ta waya, wadda za ta iya kama haya ta ciyar da kanta, don haka "ba ki da wurin zama a gidana" ba ya razana ta kamar yadda ya razana uwarta.

Yawan zawarawa ya daɗe da zama maganar hukuma. A watan Janairun 2009 wata ƙungiyar zawarawa ta shirya zanga-zanga a Kano kan yawan saki, Hisba ta hana. A 2012 gwamnatin Kwankwaso ta fara auren zawarawa ta hannun Hisba da ma'aurata 100, a watan Oktoban 2023 kuma gwamnatin Abba Kabir Yusuf ta ɗaura wa ma'aurata 1,800, zawarawa da 'yan mata. Abin lura a nan, cikin kayan da gwamnati ke bayarwa akwai gado da katifa da sauran kayan ɗaki, wato daidai nauyin da ke sa uba cewa "ki koma."

Sai maganar iko. Kotunan shari'ar Musulunci a arewacin Nijeriya da mazhabar Malikiyya suke hukunci, kuma a cikinta igiyar saki a hannun miji take. Uba ba ya sakar wa ɗansa baligi mai hankali mata, ba ya kuma hana sakin da ɗan ya furta aukuwa. Mace kuma tana da ƙofofinta. Akwai khul'i, ta fanshi kanta da dukiya, kamar matar Sabit ɗan Ƙais da ta mayar masa da gonarsa. Akwai kuma raba aure saboda cutarwa, kuma Malikiyya ta fi sauran mazhabobi faɗaɗa wannan ƙofa: in ta tabbatar wa alƙali ana dukanta, ko an bar ta ba ci ba sha, ko an ƙaurace mata, zai iya raba auren ba tare da ta biya ko sisi ba. Har Risala, sanannen littafin fiƙihun Malikiyya, ta kawo cewa matar da aka cutar don ta gaji ta fanshi kanta, za a mayar mata da abin da ta bayar, rabuwar kuma ta tabbata. Matar da ta san ciwon kanta ba a ce sai ta zo da izinin uba kafin a saurare ta ba.

Wannan a littafi ke nan. A aikace, matar da ta kai mijinta kotu ba da yawun mahaifinta ba ta san abin da ke jiran ta. Wa zai tsaya mata shaida, in 'yan'uwanta na tsoron fushin Baba? Wa zai biya kuɗin khul'in, tunda sadakin tuni ya narke a kayan ɗaki? In an raba, ina za ta kwana? Ikon da shari'a ba ta ba uba ba, sai aljihu da ɗaki suka ba shi. A sama da duka kuma akwai makamin da ba kotun da ke ƙwace shi: "In kika kashe auren nan ban yafe miki ba." Mutumin da aka rena da cewa albarkar iyaye ita ce jarin duniya da lahira, wannan kalma ta fi masa sammaci nauyi.

A nan ne nake ganin labarin Barira ya kamata ya zama abin karantawa a kowane zaure. Baiwa ce da aka 'yanta, shari'a ta ba ta zaɓin zama da mijinta Mugis ko rabuwa, ta zaɓi rabuwa. Mugis yana bin ta a titunan Madina yana kuka, hawaye na zuba a gemunsa. Manzon Allah (SAW) ya tausaya masa, ya ce mata da ma ta koma. Sai ta tambaya: umarni kake ba ni? Ya ce a'a, ceto nake yi. Ta ce ba ta da buƙatarsa. Buhari ne ya ruwaito, kuma ba a ce an yi fushi da ita ba. Hukuncin Barira na 'yantacciyar baiwa ne, ba daidai yake da na kowace mace ba, amma rarrabewar da aka yi tsakanin umarni da ceto ita ce abin da gidajenmu suka rasa. Wanda ya fi kowane uba haƙƙi a kan mutum ya tsaya a ceto. Da yawan iyayenmu daga umarni suke farawa, su ƙare da barazanar baki.

Kada kuma a ɗauka ina cewa 'ya'ya ne kullum ke da gaskiya. A ƙananan rigingimu, na ga iyaye sun fi 'ya'yansu daidai sau da yawa. Shekarar farko ta aure da ta biyu cike suke da abubuwan da ke kama da ƙarshen duniya, bayan shekara 10 kuma su zama abin dariya. Dattijon da ya ce a kwana a tashi, a bar zuciya ta huce, ya san abin da yake faɗa. Inda ya ɓata shi ne in ya auna mari da cefane da mudu ɗaya. Uban da ya ga shatin bulala a bayan 'yarsa ya ce ta koma, ba haƙuri ya koya mata ba, ya dai sanar da surukinsa cewa ba mai tambayarsa.

Wani abin ban mamaki shi ne yadda ɓangarorin ke musayar wuri da zarar takarda ta fito. Ayar farko ta Suratuɗ Ɗalaƙ ta ce kada a fitar da matan da aka saka daga gidajensu, su ma kada su fita. Saki ɗaya ko biyu, a ɗakinta za ta yi idda, tsarki uku in tana al'ada, ci da sha a kan mijin, kuma yana iya kome ba sabon sadaki ba waliyyi. Hikimar a fili take, mutum biyu a gida ɗaya na kusan wata uku, zuciya na iya sauka. Mu kuwa ana miƙa takarda ake neman mota. Uban da jiya yake cewa ki koma, yau an taɓa masa mutunci: "Ni za a wulaƙanta wa 'ya? A kwaso kayanta, ko tsinke kada a bari." Gwaggwanni su je kwasar kaya, a yi zage-zage, a ɓalle har labule. Bayan wata biyu ma'auratan sun huce, suna waya a ɓoye, tana son komawa ga 'ya'yanta, sai a tarar iyaye ne suka kafe. Wannan ma ba sabo ba ne. Ma'aƙil ɗan Yasar ya rantse ba zai mayar da 'yar'uwarsa ga mijin da ya sake ta ba, alhali su biyun suna so, sai aya ta 232 ta Suratul Baƙara ta sauka ta hana waliyyai irin wannan hani. Ya yi kaffarar rantsuwarsa ya aurar masa da ita.

Ɓangaren ɗa namiji kuwa launinsa daban, tunda shi ba ya buƙatar kotu. Rigimarsa da iyaye iri biyu ce. Ta farko, a ce ya saki matar da yake so. Galibi daga uwa abin ke fitowa, kuma dalilan da ake faɗa su ne ta raina ni, ta mallake shi, shekara 4 ko ɓatan wata ba ta yi ba (shi kuwa ba wanda ya ce ya je asibiti a duba shi). Dalilin da ba a faɗa, a ƙasar da yawancin tsofaffi ba su da fansho, ɗa shi ne fansho, kuma duk buhun shinkafar da ya shiga gidansa ana ganin daga wani gidan aka rage shi. Hujjar da ake kafawa kullum ita ce Sayyidina Umar ya umarci ɗansa Abdullahi ya saki matarsa, Annabi (SAW) kuma ya ce ya bi mahaifinsa. Hadisin yana nan. Amma da wani ya kawo wa Imam Ahmad ɗan Hambali irin wannan tambaya, ya ce kada ya saka, mutumin ya kawo labarin Umar, sai ya ce masa sai in mahaifinka ya zama kamar Umar. Ma'ana, umarnin da ya fito daga tsoron Allah da sanin wani aibi na gaske daban yake da wanda ya fito daga kishi. Wanda ya bi umarnin kuma ya sani sakinsa ya auku. Imam Malik ya tsaya a kan cewa sakin wanda aka tilasta ba ya aukuwa, har aka yi masa bulala a Madina, amma tilas ɗin da ake nufi irin na tsoron kisa ko duka ko ɗauri ne, ba hawayen Hajiya ba.

Iri na biyu ya fi yawa a auren zumunci: yana son rabuwa, an ce bai isa ba. 'Yar baffansa ce ko 'yar gwaggonsa, in ya sake ta gida biyu za su daina gaisawa, wataƙila har gonar gado ta shiga ciki. Sai uba ya ce, "Muddin ina raye 'yar ɗan'uwana ba za ta fita daga gidanka ba." Iyaye suna ganin sun yi nasara. Wadda aka yi domin ta kuwa ita ke biyan kuɗin, domin zai ajiye ta ne kamar kayan wanki, ya auro wadda yake so, ita ba mai miji ba ita ba bazawara ba, irin halin da aya ta 129 ta Suratun Nisa'i ta hana a bar mace a ciki. Wasu samarin kuma sun gano wata dabara mai muni. Sun san in suka yi saki ɗaya, kafin gari ya waye an tara musu dattawa an sa su kome, don haka sai su rubuta uku a takarda ɗaya, su rufe ƙofar kafin kowa ya iso. A Malikiyya, kamar sauran manyan mazhabobi ukun, uku a kalma ɗaya uku ne. Daga nan sai ka ga iyalin da ba su taɓa jin sunan Ibnu Taimiyya ba suna yawon neman malamin da zai ba su fatawarsa cewa ɗaya ne, ko a faɗa auren kisan wuta, wanda shi kuma tsinanne ne a hadisi. Matsin da aka yi don a ceci aure shi ya jawo aka yi masa kisan da ba gyara.

'Ya'yan da aka haifa kuma nan ne kakanni ke shigowa da ƙarfinsu. Al'ada ta ce 'ya'ya na uba ne, ana yaye a kai su gidansu. Malikiyya ta ce reno na uwa ne, namiji har ya balaga, mace har ta tare a ɗakin mijinta, uba kuma ya ci gaba da ciyarwa. In uwar ta yi wani aure, reno ya koma ga mahaifiyarta, sannan 'yar'uwar uwa, kafin a zo ga dangin uba. Mata da yawa ba su san wannan ba, waɗanda suka sani kuma iyayensu ne ke cewa "mayar masa da kayansa, ba za mu yi wa wani reno ba." Tsoron rabuwa da 'ya'ya ya zaunar da mata a gidajen da ba don shi ba da tuni sun fita, iyaye kuma sun san haka, shi ya sa "ki dubi 'ya'yanki" ke zama kalmar ƙarshe.

Alƙur'ani bai bar wannan rigima ba tsari ba. Aya ta 35 ta Suratun Nisa'i ta ce in an ji tsoron ɓaraka a tashi mai sulhu ɗaya daga danginsa, ɗaya daga danginta. Malikiyya ta ba su ƙarfi ƙwarai, in sun ga zaman ba zai yiwu ba suna iya raba auren ko ma'auratan ba su wakilta su a kan haka ba. Ayar ba ta ce uba ba, ta ce wani daga dangi. A ganina akwai rahama a nan. Uba shi ya karɓi sadaki, shi ya ba da 'ya, wataƙila ma shi ya zaɓo mijin, don haka mutuwar auren kamar faɗuwarsa ce. Kawun da ba a taɓa masa girma ba, wanda yarinya za ta iya yi wa magana ta bakin matarsa, ya fi shi damar jin duka labarin. Ofisoshin Hisba da zaurukan masu unguwa suna cike da irin wannan shari'a, amma galibi sai bayan an gama ɓatawa ake isa can.

Saura fuska ɗaya da ba a cika zancenta ba, ranar da auren iyayen ne da kansu ke tangal-tangal, 'ya'ya kuma sun girma. Wani lokaci tsoho ne ya yi sabuwar amarya, aka yi ta ƙananan maganganu, ya rubuta wa uwargidan shekara 35 takarda. Nan za ka ga 'ya'ya maza sun taso kamar za su ci babu, musamman in su suka gyara gidan ko suke ciyar da shi. Shi kuma ya ce, "Ni na haife ku ko ku kuka haife ni?" Ƙarƙashin fushin akwai lissafin da ba mai furtawa: in iddar uwar ta cika ba ta da tumunin gado (kashi ɗaya cikin takwas), sai fa in a ciwon ajali ya sake ta, wanda a Malikiyya tana gadonsa ko idda ta wuce.

Wani lokacin kuma uwar ce. Ta aurar da autarta, an watse daga biki, ta tara 'ya'yanta ta ce, "To, don ku na zauna, ga shi Allah ya raya ku. Ku karɓo mini takardata." Sai ka ji babban ɗa, mai mata biyu da muƙami a ofis, yana cewa, "Haba Umma, a wannan shekarun? Me za mu ce wa surukanmu? Ki ƙara haƙuri." Har da 'yar da ta taɓa zuwa da jaka bayan isha'i, ita ma bakinta ɗaya da yayanta.

Yawanci ba a kai ga takarda. Sai a samo sunan da kowa zai iya faɗa a waje: Umma ta je jinyar ƙafa gidan yaya, ko ta je taya renon jika. A gyara mata ɗaki a can, a kwaso kayan sawarta kaɗan-kaɗan, wata ya zama shekara. Igiya tana nan, ba wanda ya saki wani, da Salla a kawo ta su gaisa da Malam a tsakar gida kamar maƙwabta. Ranar da ya cika, a ɗauko ta a mota a mayar da ita ɗakin da ta bari shekara 10 da suka wuce, a share ƙura, a shimfiɗa mata tabarma, ta zauna takabar wata huɗu da kwana goma.